Wa ake kamawa da laifi idan an take haƙƙin mutane a lokacin yaƙi?

A Zariya, inda ake horar da kuratan soja a Depot kuma ake karantar da shari'a a Kongo, wannan batu ya shafi mutane da yawa, kuma ga tambayoyin da aka fi yi a kansa.

Shin yaƙi ma yana da doka?

Yana da ita. Tushenta shi ne yarjejeniyoyin Janiba guda huɗu na 1949, da ƙarin da aka yi musu a 1977, waɗanda suka haramta kashe farar hula da gangan, da azabtar da fursunan yaƙi, da yin garkuwa da mutane, da kai hari kan asibiti. Sashe na 3, wanda ke cikin dukkan huɗun, ya shafi yaƙin cikin gida, don haka ƙungiyar 'yan tawaye ma ba ta tsira daga dokar ba.

Ƙasa ake tuhuma ko mutum?

Kotuna biyu ne a birnin Heg na ƙasar Holan, kuma ana yawan rikita su. Kotun Duniya tana shari'a tsakanin ƙasashe, kamar rikicin Bakasi tsakanin Najeriya da Kamaru da ta yanke a 2002. Kotun Hukunta Manyan Laifuka, wadda aka kafa bisa Yarjejeniyar Rum ta 1998 ta kuma fara aiki a 2002, mutum ɗaya ɗaya take gurfanarwa. Tun shari'ar Nurembag bayan Yaƙin Duniya na Biyu aka tsayar da cewa faɗin "umarni aka ba ni" ba ya wanke soja daga ta'asa a fili. Kwamanda kuwa ana kama shi da laifin yaransa idan ya sani, ko ya kamata a ce ya sani, amma bai hana ba kuma bai hukunta ba. A ganina wannan ƙa'idar ce ta fi muhimmanci, domin manya ba kasafai suke riƙe bindiga da hannunsu ba.

An taɓa ɗaure wani babba kuwa?

An ɗaure. Charles Taylor, tsohon shugaban Laberiya, ya samu mafaka a Kalaba daga 2003, aka kama shi a Gamboru Ngala a 2006 yana shirin tsallakawa Kamaru, sannan Kotun Musamman ta Saliyo ta yanke masa shekara 50 a 2012 saboda hannunsa a yaƙin ƙasar. Hissène Habré, tsohon shugaban Cadi, ya samu ɗaurin rai da rai a Dakar a 2016, bayan waɗanda ya azabtar sun shafe shekaru suna bin haƙƙinsu. A 2016 ɗin ma Kotun Hukunta Manyan Laifuka ta ɗaure Ahmad al-Mahdi shekara 9 saboda rushe hubbaren waliyyai a Tambutu.

To me ya sa wasu ke yawo abinsu?

Domin kotun ba ta da 'yan sanda, sai ƙasashe sun kama mata. An ba da sammacin kama Umar al-Bashir na Sudan a 2009, amma ya zo taron Tarayyar Afirka a Abuja a 2013 ya koma gida lafiya. Amurka da Rasha da Sin da Isra'ila ba mambobi ba ne, kuma uku na farkon suna da ikon hawa kujerar naƙi a Kwamitin Sulhu na Majalisar Ɗinkin Duniya, wanda shi ne ke iya miƙa batun ƙasar da ba mamba ba. Masu cewa kotun ta fi ƙarfi a kan Afirka suna da hujja, ko da yake ƙasashe irin su Uganda da Mali su suka kai kansu, kuma daga baya an ba da sammacin Putin a 2023 da na Netanyahu a 2024.

Ina Najeriya ta tsaya?

Najeriya ta amince da Yarjejeniyar Rum a 2001. A Disambar 2020 mai gabatar da ƙara ta kotun a lokacin, Fatou Bensouda, ta ce akwai dalilin da zai sa a yarda cewa Boko Haram da wasu jami'an tsaro sun aikata laifukan yaƙi. Sai dai kotun ba ta shiga magana sai idan ƙasa ta kasa ko ta ƙi hukunta masu laifi da gaske, saboda haka nauyin farko yana wuyan kotunanmu, kuma sashe na 12 na tsarin mulkin 1999 ya ce yarjejeniya ba ta aiki a cikin gida sai Majalisar Tarayya ta mayar da ita doka.

Abin da ya faru a Zariya a Disambar 2015 laifin yaƙi ne?

Laifin yaƙi sai a cikin yaƙi, kuma ba yaƙi ake yi ba a lokacin arangamar sojoji da mabiya Harkar Musulunci. Laifin cin zarafin bil'adama kuwa ba ya bukatar yaƙi, sharaɗinsa hari mai faɗi ko shiryayye a kan farar hula, kuma kotu ce kaɗai ke tabbatar da hakan. Kwamitin binciken shari'a na Jihar Kaduna ya ji shaidar binne gawa 347 a kabari ɗaya, ya kuma ba da shawara a rahotonsa na 2016 cewa a gurfanar da sojojin da ke da hannu.