Bege da kallon kai a fasahar masu son jinsinsu a Gana

Bege da kallon kai jigo ne da ke yawan fitowa a ayyukan masu ɗaukar hoto da masu nuna fasaha da jikinsu a Akara da Kumasi, waɗanda ke magana a kan soyayya tsakanin jinsi ɗaya da rayuwar waɗanda suka sauya jinsi. A cikinsa akwai kewar masoyin da ba a iya kama hannunsa a bainar jama'a, akwai fargabar ko mutum ya cancanci a so shi, sannan da abin da yake gani in ya tsaya gaban madubi.

Halin da ake ciki

Sashe na 104 na dokar laifuka ta 1960 ya tanadi ɗaurin da ka iya kaiwa shekara 3 ga maza masu tarayya da juna. A Fabrairun 2021 'yan sanda suka rufe cibiyar LGBT+ Rights Ghana, ƙungiyar kare haƙƙin masu son jinsinsu da waɗanda suka sauya jinsi, a Akara, makonni kaɗan da buɗe ta. Ranar 28 ga Fabrairu 2024 majalisa ta amince da ƙudurin da zai ƙara tsananta hukunci, sai dai Shugaba Nana Akufo-Addo bai sa hannu ba har ya sauka a Janairun 2025. A irin wannan yanayi, barin a ɗauki fuskarka a hoto ba ƙaramar kasada ba ce, shi ya sa fuska ta zama tsakiyar wannan fasaha.

Manyan ayyuka

Eric Gyamfi, haifaffen 1990, ya fara jerin hotunansa mai suna Just Like Us a 2016. Ya zauna da mutanen da ya ɗauka, ya nuna su cikin ɗakunansu da harkokinsu na yau da kullum, suna hutawa, suna hira da abokai. Ƙarfin aikin yana cikin wannan natsuwa: soyayyar da duniya ke yi wa kallon abin tsoro, ga ta nan zaune a bakin gado kamar ta kowa. Daga baya, a aikinsa Fixing Shadows, ya gauraya fuskarsa da ta Julius Eastman, baƙin Ba'amurke mai tsara kiɗa kuma mai son maza, wanda ya rasu a 1990 kusan ba wanda ya kula. Hotunan shuɗaye ne, kamar an tsoma su a marina, kuma mai kallo ba ya iya cewa nan ne fuskar wannan ta ƙare, nan ta wancan ta fara. Gyamfi ya karɓi lambar yabo ta masu ɗaukar hoto mai suna Foam Paul Huf a 2019.

A Kumasi kuwa akwai Va-Bene Elikem Fiatsi, wadda ta sauya jinsi zuwa mace, ta yi karatu a Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Kwame Nkrumah (KNUST), ta kuma kafa masaukin masu fasaha na perfocraZe. Jikinta ne kayan aikinta. Takan shafe shi da laka, ko ta yi wanka, ta yi kwalliya, ta sa tufafi a hankali a gaban masu kallo. Abin da kowace mace ke yi a ɗaka ba tare da tunani ba, ita sai ta yi shi alhali idanu suna auna ta, kuma a nan mai kallo yake gane nauyin da ke kan jan baki ɗaya.

A zango

Ga Bahaushen unguwannin Nima da Mamobi a Akara ko Aboabo a Kumasi, batun ba baƙo ba ne, magana a kansa ce baƙuwa. Hausa na da kalmar 'yan daudu tun da daɗewa, kamar yadda ƙabilar Akan ta Gana ke da Kojo Besia mai kusan wannan ma'ana, kuma duka biyun sukan koma zagi a bakin titi. Rudolf Gaudio, wanda ya yi bincike a Kano ya fitar da littafi a 2009, ya nuna cewa su kansu mutanen sukan ce "masu harka", kalmar da ke rufa asiri.

Zango wuri ne da kowa ya san gidan kowa, addini da kunya suna da ƙarfi, kuma saurayi ba ya wuce shekara talatin ba tare da wata gwaggo ta tare shi da "Yaushe za mu sha biki?" ba. Wanda zuciyarsa ke wani wuri sai ya yi murmushi ya ce, "Gwaggo, a dai taya mu da addu'a," ya wuce da begensa a ciki.