Karu da Mararaba: zama da sayen gida a gefen Abuja

Karu ƙaramar hukuma ce a yammacin Jihar Nasarawa, tana iyaka da Birnin Tarayya Abuja. Garuruwanta na kan hanyar Abuja zuwa Keffi, wato Mararaba, Sabon Karu, Ado, Sabuwar Nyanya, Masaka da Auta Balefi, sun haɗe har baƙo ba ya gane inda wannan ya ƙare da inda wancan ya fara. Ƙidayar 2006 ta nuna mutanen ƙaramar hukumar sun haura 200,000, kuma tun daga lokacin gine-gine suke ta cinye gonaki. Yawancin magidantan yankin a Abuja suke neman abinci, kwana kawai ke dawo da su Nasarawa. Akwai kuma wata Karu a cikin Birnin Tarayya, kusa da Nyanya da Jikwoyi da Kurudu. Suna ɗaya ne, amma hukumar da ke iko da ƙasar daban ce, kuma wannan shi ne abu na farko da mai sayen fili ya kamata ya tantance.

Asali da bunƙasa

Gbagyi da Gwandara da Koro da Yeskwa da Gade na cikin mutanen da suka daɗe a wannan ƙasa, noma ne sana'arsu, sarkin Sabon Karu kuma ana kiransa Esu Karu. Gwamnatin Murtala Muhammed ce ta kafa Birnin Tarayya da dokar soja ta 3 ga Fabrairu, 1976, aka kuma dawo da fadar gwamnati daga Legas ranar 12 ga Disamba, 1991, zamanin Janar Babangida. Jihar Nasarawa kanta sai 1 ga Oktoba, 1996 aka cire ta daga Filato.

Tsarin Abuja ya tanadi unguwanni masu faɗin titi, amma gidajen da ƙaramin ma'aikaci zai iya biya ba su wadata ba. Masinja da direba da birkila da ɗan tireda, waɗanda birnin ba ya motsi sai da su, suka nemi inda kuɗinsu zai kai su. Tururuwar ta ƙaru tsakanin 2003 da 2007, lokacin da Nasir El-Rufai yake ministan Abuja: an rushe unguwanni da dama da aka gina ba bisa tsari ba, irin su Idu-Karmo, sannan a 2006 aka hana acaba a tsakiyar birni. Da yawa daga waɗanda abin ya shafa suka tsallaka iyaka, inda fili ke da araha, kuma ba kasafai ake tambayar takardar izinin gini ba.

Zaman yau da kullum

Hanya ɗaya ce babba take ɗauke da yankin gaba ɗaya: daga Masaka ta ratsa Mararaba da Nyanya, ta hau tudun Kugbo, ta faɗa mahaɗar AYA a Asokoro. Daga Mararaba zuwa Asokoro bai kai kilomita 20 ba, amma da safe da yamma cinkoso kan cinye wa mutum awa biyu ko fiye. Shi ya sa ma'aikata da dama ke yin sallar asuba su kama hanya, wasu ma tun kafin a kira salla. Bayan cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayu, 2023, kuɗin mota ya yi tashin da ya rage ribar zama a nesa, har wasu suka koma lissafi daga farko.

Ruwan famfo bai kai yawancin unguwanni ba. Mai hali ya haƙa burtsatse, mara hali ya jira 'yan garuwa. Wutar lantarki kamfanin AEDC ne ke rarraba ta, kamar yadda yake yi a Abuja da Neja da Kogi, kuma sau da yawa mazauna layi ne ke haɗa kuɗi su sayi turaku da waya, ko su gyara taransifoma. Haka ma tsaro, 'yan sintiri ake biya wata-wata. Da damina lunguna kan zama taɓo, gidajen da aka gina a kan hanyar ruwa kuma su sha ambaliya.

Duk da haka wurin yana da abin da ke riƙe mutane. Kayan abinci sun fi na cikin Abuja sauƙi, musamman a kasuwar lemo ta Mararaba da kasuwar Masaka. Akwai Jami'ar Bingham, wadda cocin ECWA ta kafa a 2005, ga Jami'ar Jihar Nasarawa a Keffi ba nisa. Kusan babu ƙabilar Najeriya da ba ta da wakilci a nan, Hausa da Turancin buroka ne yaren ciniki.

Sayen fili da gida

Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta danƙa ƙasar kowace jiha a hannun gwamna, ya riƙe ta amana. Abin da mai saye ke samu haƙƙin zama ne, galibi na shekara 99 ga filin gida, shaidarsa kuma ita ce takardar da aka fi sani da C of O. Sayar da filin da ke da irin wannan takarda na buƙatar amincewar gwamna. A Birnin Tarayya minista ne ke da wannan iko, hukumar AGIS ke riƙe da bayanan filaye. A Nasarawa kuwa hukumar NAGIS ce, wadda aka kafa zamanin Gwamna Umaru Tanko Al-Makura, izinin gini kuma ana nemansa a hukumar raya birane ta jihar.

A aikace, yawancin filayen Karu ba ta wannan hanya suka fara shiga kasuwa ba. Iyalin da suka gāji gona ne ke yanka ta fuloti-fuloti, ƙafa 50 a 100 ko 100 a 100, irin abin da Kanawa ke kira awon igiya. Dillali ya kawo mai saye, a rubuta takardar ciniki, shaidu da mai unguwa su sa hannu, dillali ya karɓi la'adarsa. Wannan takarda tana da amfani, amma ita kaɗai ba ta hana rigima. Fili ɗaya kan shiga hannun mutum biyu ko uku. Wani lokaci ƙane ya sayar ba da sanin yayyensa ba, bayan shekaru magada su taso. Wani filin kuma yana ƙarƙashin babbar wayar lantarki, ko a inda gwamnati ta ware domin titi, ranar da katafila ta zo babu diyyar da za a nema. Abin takaici shi ne waɗanda suka fi faɗawa wannan rami su ne masu ƙaramin ƙarfi, waɗanda kuɗin sallamarsu ko adashen shekaru ne suka zuba.

Masu sanin harkar sukan fara da kai wa NAGIS lambobin awon filin a bincika ko wani ya riga ya yi rajista. Sukan nemi ganin dukkan magada, su tambayi maƙwabta, su sa safiyo ya kafa duwatsun iyaka, lauya ya rubuta yarjejeniya, kuɗi kuma ta banki. Ziyarar fili a watan Agusta ta fi ta watan Janairu faɗin gaskiya, domin a lokacin ne ake ganin inda ruwa ke kwanciya. Da an biya, katanga ce ke biyo baya, don fili buɗaɗɗe yana jawo masu kutse.

Rukunin gidajen da kamfanoni ke ginawa sun yawaita wajen Masaka da Auta Balefi har zuwa Keffi, ana biya kashi-kashi. Nan ma tambayar ba ta canja ba: takardar da kamfanin ke riƙe da ita ta gaskiya ce, kuma ta haɗa da fulotin da ake nuna wa mai saye?

Kuɗin gini

Kaɗan ne ke sayen gida da lamunin banki. Asusun Gidaje na Ƙasa, wanda aka kafa a 1992, yana cirar kashi 2.5 cikin 100 na albashin ma'aikaci, Bankin Lamunin Gidaje na Tarayya kuma yana ba masu zubi rance da ruwa kashi 6 cikin 100, a biya cikin shekarun da za su iya kaiwa 30. Sai dai ana neman ingantacciyar takardar mallaka, abin da filayen awon igiya ba su da shi, Musulmi da dama kuma suna ƙaurace wa ruwa, sukan nemi bankunan da ba sa karɓar ruwa irin su Jaiz ko ƙungiyoyin gama-kai na wurin aiki.

Saboda haka gini a Karu na sannu-sannu ne. Bana a zuba harsashi, baɗi a kai linta, a rufa ciki da falo a shiga, sauran ɗakuna su jira. Tsadar kaya ta ƙara jan lokacin: a farkon 2024 buhun siminti ya haura naira 10,000 a wurare da dama. Mai gida kan fitar da shago ɗaya ko biyu a jikin katanga ya ba da haya, kuɗin da ya shigo ya sayi bulo da kwanon ɗaki na gaba.