Kafin Ka Sayi Kambas Ɗin Gudu, Ɗora Shi a Kan Tebur

Duk lokacin da aka ce an buɗe ɗaukar sojoji ko 'yan sanda, nakan san cewa nan da mako uku zuwa huɗu benci zai cika a sashenmu na gashin ƙashi. Samari ne majiya ƙarfi, wannan na dafe da gwiwa, wancan na ɗingishi. Wani daga cikinsu ya shigo mini da safe, ya zauna a hankali kamar mai ɗauke da ƙwai, ya ce, "Likita, ƙwaurina ne. Da na fara gudu sai in ji kamar ana soka mini ƙusa."

Na ce, "Ƙanena, ina takalmin da kake gudun da shi?"

Ya dube ni da mamaki, don shi ƙafa ya kawo a duba. Washegari ya dawo da shi a baƙar leda. Kambas ne mai suna, ɗan gwanjo, an wanke shi fes har yana ƙyalli. Na ɗora shi a kan tebur, muka sunkuya muna kallonsa daga baya. Na dama ya karkace waje kamar tsohuwar katanga bayan damina. Na danna soson ƙasansa da babban yatsa, ya lotsa bai dawo ba, gefensa duk tamoji. Wani bawan Allah a wata ƙasa ya riga ya cinye ran takalmin, ya kuma bar masa irin karkacewar takunsa gado. Amma ban ɗora wa takalmin laifin duka ba, don da na bincika sai na gano yaron daga zaman majalisa ya tashi ya fara kilomita goma kullum a kan kwalta.

Mai gudu, duk takun da ya yi, ƙafarsa na karɓar ninki biyu zuwa uku na nauyin jikinsa. Mai kilo 70 ke nan yana sauke wa ƙafa ɗaya abin da ya haura kilo 140, kuma a kilomita guda mai sassarfa zai yi taku kusan dubu. Allah ya tanadi ƙafa don wannan aiki: ƙasusuwa 26 ne a cikinta, ga lokon tafin ƙafa da ke lotsawa ya dawo, ga agara da ke miƙewa ta tsuke kamar roba. Takalmi ba ya ɓatar da wannan nauyi. Abin da yake yi shi ne ya sauya masa masauki, ya ɗauke shi daga wata gaɓa ya kai wata. Duk sauran bayanin da zan yi a kan wannan ya rataya.

Gwada da kanka. Cire takalmi ka yi ɗan gudu a kan siminti. Ba wanda zai koya maka, da kanka za ka rage tsawon taku, ka daina buga dunduniya, saboda zafi. Sa kambas mai kaurin dunduniya ka sake. Yanzu zafin ya ɓuya, sai ka ga kana wurga ƙafa can gaba, gwiwa a miƙe, dunduniya na dukan ƙasa. A shekarar 2010 Daniel Lieberman na Jami'ar Harvard da abokan aikinsa sun auna wannan, inda suka kwatanta 'yan gudun Amurka da na Kenya. Sun tarar waɗanda suka tashi ba takalmi galibi da gaban ƙafa ko tsakiyarta suke sauka, kuma bugun farko da ke ratsa jikinsu bai kai na masu sauka da dunduniya ba. Labarin ya bazu, aka riƙa cewa sauka da dunduniya kuskure ne. Shekara uku bayan haka wasu masu bincike suka je wurin mutanen Daasanach a arewacin Kenya, su ma ba sa sa takalmi, sai ga shi mafi yawansu da dunduniya suke sauka idan suna gudu a hankali. Yawancin masu gudun fanfalaki a duniya ma haka suke. Don haka ni ba na damuwa sosai da wane sashe na ƙafarka ne ke fara taɓa ƙasa. Damuwata inda ƙafar ke sauka: kusa da ƙarƙashin jikinka, ko can nesa a gabanka. Wanda ke wurga ƙafa gaba birki yake taka wa kansa a kowane taku, gwiwa da ƙwauri ne kuma ke biyan kuɗin birkin.

Akwai wani abu a jikin takalmi da masu saye ba su cika dubawa ba, wato yadda dunduniyarsa ta fi gabansa tudu. Kambas ɗin gudu da aka saba, bambancin yakan kai milimita 10 zuwa 12. Wasu kuma a shimfiɗe suke, daga sifili zuwa milimita 4. Mai tudun dunduniya yana sassauta wa agara da sha-raɓa, ya tura aikin sama wajen gwiwa. Shimfiɗaɗɗe yana rage wa gwiwa, ya jibga wa agara da ƙananan ƙasusuwan tafin ƙafa. Shi ya sa in mutum ya zo da ciwon agara, ko ciwon dunduniyar nan da ke kama shi a takun farko da asuba, nakan ce ya nemi mai ɗan tudu. Mai fama da ciwon gaban gwiwa kuwa, wanda bai cika tudu ba kan fi masa, muddin zai saba da shi sannu a hankali. A sannun nan mutane ke faɗuwa. Wajen 2010 an yi yayin wani takalmi mai gidan yatsu biyar a Amurka, siriri kamar safa. Mutanen da ƙafarsu ta shekara talatin a cikin soso suka koma masa dare ɗaya, wasu suka ƙare da tsagewar ƙashi. A 2014 kamfanin Vibram da ke yin sa ya amince ya biya dala miliyan 3.75 don a kashe ƙarar da aka kai shi kan iƙirarin amfanin takalmin ga lafiya.

In ana wannan hira ba a rasa mai cewa, to Abebe Bikila fa? Gaskiya ne, ɗan Habasha ya lashe gudun fanfalaki na gasar Olamfik a birnin Rum a 1960 ba takalmi, cikin awa 2 da minti 15. Sai dai mai kawo hujjar yakan manta cewa a Tokiyo a 1964 ya sake lashewa sanye da takalmi, har ya rage minti uku. Kuma shi ƙafarsa ta saba. Yaron da ya tashi yana bin shanu a jigawa, ko yana tamola a fili ba takalmi, ƙafarsa daban take da ta ma'aikacin ofis da ya shekara ashirin a sau-ciki. Ko wanda ya saba ɗin ma, titunanmu akwai ƙusa da fasasshiyar kwalba, gefen hanya akwai tsidau, kwaltar watan Afrilu kuwa tana iya sale tafin ƙafa. Mai ciwon suga kam kada ya kusanci gudu ko tattaki ba takalmi, ko a tsakar gidansa ne.

Ɗaya ɓangaren kuma su ne masu ganin tsada ita ce lafiya. Tun da ɗan gudun Kenya Eliud Kipchoge ya gama kilomita 42 cikin awa 1 da minti 59 da daƙiƙa 40 a birnin Biyana a watan Oktoban 2019, kowa ke son irin takalminsa mai tulin soso da farantin kabon a ciki. Takalman suna aiki, an auna irinsu na farko a Jami'ar Kolorado an ga suna rage ƙarfin da mai gudu ke kashewa da kusan kashi 4 cikin ɗari. Har hukumar wasannin guje-guje ta duniya ta kafa doka a 2020 cewa kaurin ƙasan takalmin gasar titi kada ya wuce milimita 40. Amma don gasa aka yi su. Sosonsu ba ya daɗewa, kuma tsayinsu na sa idon sawu rawa a kan burji da hanya mai ramuka. Alhajin da likita ya ce ya riƙa sassarfa saboda hawan jini ba abin da zai tsinta a ciki sai targaɗe. Balle ma da yawa daga waɗanda ake ratayewa a shaguna jabu ne, suna ne kawai a jiki.

Wata tambaya da samarin nan ke yawan yi mini ita ce ta shimfiɗaɗɗen tafin ƙafa, wanda ba shi da loko. An daɗe ana cewa kowane irin tafi da takalminsa. Rundunonin sojan Amurka sun gwada wannan a kan dubban kurata: wasu aka zaɓa musu takalmi bisa siffar tafinsu, wasu aka ba su iri ɗaya kowa da kowa. Raunin da aka samu a ɓangarorin biyu bai bambanta ba. Benno Nigg na Jami'ar Kalgari a Kanada, wanda ya ƙarar da rayuwarsa a binciken takalmi, shawarar da ya tsaya a kai ita ce mutum ya zaɓi wanda ƙafarsa ta fi jin daɗi. Ni ma a nan na tsaya. In tafinka a shimfiɗe yake kuma ba ya maka ciwo, ƙyale shi.

To ranar saye. Je kasuwa da yamma, don ƙafa takan ɗan kumbura bayan yini, haka kuma take yi a tsakiyar gudu. Tafi da safar da za ka riƙa sawa. Gwada ƙafa biyun kana tsaye, domin da wuya su zo daidai, kuma babbar ake bi. Tsakanin yatsanka mafi tsawo da bakin takalmin a samu faɗin babban yatsan hannu, in ba haka ba farce zai yi baƙi ya faɗi. Kula da faɗi sosai. Mu da muka tashi a silifas yatsunmu a baje suke, takalman waje da yawa kuwa masu tsukakken baki ne. Mata ma in na mata ya matse, ba laifi a ɗauki na maza. Kada ka dogara da lamba, 43 na wannan kamfani ba lallai ya zama 43 na wancan ba. Lanƙwasa shi, ya kamata ya lanƙwashe a daidai gindin yatsu. In mai shago ya ce, "Ai zai buɗe in ka sa shi kwana biyu," mayar masa da abinsa. Wannan zancen takalmin fata ne. Ɗaure igiya ka yi ɗan gudu a ƙofar shagon, ko da 'yan kasuwa za su yi dariya. In dunduniya na zamewa, akwai ramin igiya na ƙarshe can sama da mutane ke bari fanko, don wannan aka yi shi.

Ban hana gwanjo ba, na san halin aljihu, kuma a kasuwar Ƙofar Wambai ta Kano ana dacewa da wanda bai sha wuya ba. Sai dai ido ya san abin da zai duba, don saman takalmi shi ne ƙarshen mutuwa. Ɗora shi a shimfiɗaɗɗen wuri kamar tebur ka kalle shi daga baya, in ya karkata bar shi. Juya ƙasansa ka ga ko gefe ɗaya ya cinye. Zaro shimfiɗar ciki, ka danna da yatsa, in ka ji tauri kamar katako ko ramin sawun wani, an gama da shi. Duba bakin ƙasan ko shumeka ya sake manne shi da gam. Soson kambas yakan gaji ne bayan kilomita 500 zuwa 800, mai yin kilomita 5 sau huɗu a mako ke nan zai kai nan cikin wata shida zuwa tara. In ka saya, wanke shi da sabulu ka shanya a inuwa har ya bushe ƙarau, saboda ƙaiƙayin tsakanin yatsu na bin takalmi. Kada a shanya a kan kwano, kada a bar shi a bayan mota, zafi na kashe soso yana narkar da gam. Takalmin ƙwallo mai ƙusoshi kuwa na ciyawa ne, silifas na banɗaki.

Gyaran taku bai buƙatar ko sisi. Kana gudu, ƙirga sau nawa ƙafar dama ke taɓa ƙasa a minti ɗaya, ka ninka biyu. Za ka ji ana cewa dole sai 180. Wannan adadi daga wani mai horarwa Jack Daniels ya fito, wanda ya ƙirga takun zakarun duniya a gasar Olamfik ta 1984, ba doka ba ce a kan mai sassarfar asuba. In kana fama da gwiwa ko ƙwauri, ƙara kashi 5 zuwa 10 cikin ɗari a kan naka: mai 160 ya koma 168, da gajerun taku, ba tare da ƙara sauri ba. Kunnenka ma malami ne. In kana jin fat-fat-fat kamar ana bugun shinkafa, sassauta har ƙarar ta ragu. Sabon takalmi kuma a fara shi da gajeren zango, ana musanya shi da tsohon na mako biyu ko uku.

Ciwon tsoka da ya bazu, wanda ke sauƙi bayan kwana biyu, ba abin tsoro ba ne. Wanda nake so a kawo mana da wuri shi ne ciwon da ya tsaya wuri ɗaya a kan ƙashi, har za ka iya rufe shi da kan yatsa, yana ƙaruwa in ana gudu, ko yana hana barci. Wannan kan iya zama tsagewar ƙashi. Kada a bari a murza shi, kada kuma a haɗiyi maganin kashe zafi a ci gaba da gudu a kai. Iyayenmu masu ciwon suga, Hajiya da Alhaji, ku riƙa duba tafin ƙafa da tsakanin yatsu kowane dare, ku kuma zura hannu cikin takalmi kafin ku sa, don ƙafar da jijiyarta ta yi sanyi tana iya yini a kan tsakuwa ba ta sani ba. Amma a fara kakkaɓe shi tukuna, lokacin zafi kunama na son kwana a ciki.

Shi wancan ƙanen nawa, hoto ya nuna ƙashin bai tsage ba. Na hana shi gudu mako biyu, sannan muka fara da minti ɗaya gudu minti biyu tafiya, a filin makaranta maimakon kwalta. Bayan wata guda sai ga shi da wata baƙar ledar. Ko gaisawa ba mu gama ba ya zaro kambas, ɗan gwanjo ne dai, ya ɗora a kan teburina ya sunkuya yana leƙensa daga baya. "Likita, duba mini. Shida na ɗora a kan bencin mai shagon kafin na samu wannan, har ya ce in ba saye zan yi ba in ba shi wuri."