Zagaye mitar kati: abin da doka ta tanada da abin da ake ƙarawa a baki

Maganar da ke yawo a unguwanni ita ce wai da gangan aka saita mitar kati ta riƙa shan yunit. Daga nan sai mai gyaran wuta ya kawo dabara: a janyo wayar firji da ta injin ruwa ta bayan mita, su sha wuta ba lissafi.

Sau da yawa mitar ba ta da laifi. Idan ana bin gidan tsohon bil, kamfanin wuta yakan zabtari wani abu duk lokacin da aka sa kati. Idan kuma layinku na rukunin Band A ne, wato waɗanda aka yi wa alkawarin wutar aƙalla awa 20 a rana, tun Afrilun 2024 kuɗin yunit ya ninka fiye da sau uku. Duba rasit ɗinka, naira nawa ka biya, yunit nawa aka ba ka.

Dokar hana zagaye mita ta shafi kowa, gida da shago da masana'anta. Inda mutane ke ruɗewa shi ne hukunci, don kala biyu ne. A umarnin da NERC, hukumar da ke sa ido kan harkar wutar lantarki a Najeriya, ta sabunta a Janairun 2025, mai mitar layi ɗaya da aka kama karon farko zai biya naira 100,000 kafin a maido masa da wuta, idan ya sake 150,000. Mai layi uku kuwa 200,000 ne, sannan 300,000. Ga kuma kuɗin wutar da aka sha a ɓoye.

Ɗauri zance ne daban. Dokar Wutar Lantarki ta 2023 ta tanade shi ga mai satar wuta, amma sai an je gaban alƙali. Ma'aikacin da ya tsaya a ƙofarka da tsani yana cewa "ko ka kawo wani abu ko ka kwana a gidan yari" ba shi da wannan ikon. Ka nemi takarda, ka biya a asusun kamfani.

Abin da ke damuna shi ne, ƙa'idar ta ce wanda ya sayi mita da kuɗinsa a ƙarƙashin shirin MAP, wato shirin sayen mita daga hannun kamfanonin da aka amince su samar da ita, za a mayar masa da su ta hanyar yunit, kuma mitar da ta lalace ba da laifin mai gida ba kamfani ne zai sauya ta. Tarar talaka ana karɓarta nan take, nasa haƙƙin kuwa sai ya yi ta sintiri. Wanda aka hana ya rubuta ƙorafi ga kamfanin, idan shiru ya kai ofishin sauraron koke na NERC.