Albashin Birni Ba Ya Kai Wata: Tambayoyin Da Na Gaji Da Maimaita Amsarsu

Tambayoyin nan ba sa canzawa, masu yin su ne ke canzawa. Yau matashin da ya gama karatu, gobe matar da ta shekara biyar a kan keken ɗinki ba a ƙara mata komai ba, jibi uban da ɗansa ya ɗaure kaya zai tafi birni. Na amsa a tsaye, na amsa ta waya, na amsa har murya ta dushe. Ga su nan a rubuce. A karanta kafin a sake kirana.

Da gaske akwai aiki a babban birni?

Akwai. Aikin da zai riƙe ka ne ya yi ƙaranci. Ka rarrabe tsakanin biyun nan tun kafin ka shiga mota.

To me ya sa albashin bai taka kara ya karya ba, ga kuɗi na yawo a birnin?

Je ka da sassafe bakin ƙofar duk inda aka ce ana ɗaukar ma'aikata, ka ƙirga kawuna. Amsarka ke nan. Mai ɗaukar aiki ya san in ka ce a'a, na bayanka zai ce to. Tun 1970 wasu masana tattalin arziki biyu, John Harris da Michael Todaro, suka bayyana yadda abin ke tafiya: mutum ba ya barin ƙauye don an tabbatar masa da aiki, yana tasowa ne don yana hangen wataƙila ya dace da albashin birni. Shi ya sa in an buɗe sababbin gurabe labari ya bazu, masu zuwa na iya fin guraben yawa, layin ya ƙara tsawo maimakon ya ragu. Hangen Dala ba shiga birni ba ne, amma hangen ne ke cika tasha.

An ce albashin can ya ninka na garinmu.

Wa ya ce? Ya gaya maka kuɗin hayarsa? Ku daina auna albashi da adadin da aka faɗa muku, ku auna shi da kwanaki.

Wani yaro mai gadi ya zo mini yana cewa shi dai bai san inda kuɗinsa ke shiga ba, ko maganin ciwon kai sai ya ci bashi. Na ɗauko takarda na ja layi 26, kwanakin da yake aiki a wata. Na ce haya kwana nawa take ci? Muka lissafa, 9. Ya soke su da biro. Kuɗin mota, 6. Ci da sha, 8. Ya tsaya yana kallon layi uku da suka rage, bai ce uffan ba. A cikin ukun nan zai aika gida, ya sayi sabulu, ya sa kati a waya, ya yi jinya in ta kama. Ban ma sa masa awa huɗun da yake kashewa kullum a hanya ba, biyu zuwa biyu dawowa, waɗanda ba mai biyansa. Yi wannan lissafin da naka, sannan ka zo mu yi maganar ninki.

Ko dai laifina ne? Ko ban iya nema ba ne?

A'a, ƙanena, cire wannan daga ranka. Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta fitar da rahoto a 2018 cewa mutum kusan biliyan 2, fiye da kashi 60 cikin 100 na masu aiki a duniya, suna aiki ne ba rajista, ba kariyar doka, ba fansho. Ba lalaci ya tara mutum biliyan biyu wuri ɗaya ba. Ka gyara abin da ke hannunka, amma kada ka ɗora wa kanka kayan da ba kai ka ɗaure ba.

Wani dillali ya ce in biya kuɗin fom zai sama mini aiki.

Kada ka biya. Mai neman ma'aikaci shi ke biyan dillali, ba mai neman aiki ba. Ƙa'idar da yarjejeniyar Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya mai lamba 181 ta 1997 ta shimfiɗa ke nan. Ku bar miƙa ɗan guzirinku ga mutumin da ko ofishinsa ba ku sani ba.

An ba ni aiki amma albashin kaɗan ne ƙwarai. In karɓa ko in jira wanda ya fi shi?

Wannan ce kaɗai tambayar da ba na amsawa da gaggawa, kuma duk wanda ya ba ka amsarta cikin kalma ɗaya bai saurare ka ba.

Fara da wanda ke ciyar da kai. In akwai bakin da ke jiranka a gida, ko mai gida na buga ƙofa, to maganar jira ba ta taso ba. Karɓi, da babu gara ba daɗi, kuma ba abin kunya a ciki. Amma in kana da wurin kwana da wanda zai riƙe ka na wasu watanni, kana da abin da yawancin mutanen layin ba su da shi, wato ikon cewa a'a. Kada ka yar da shi a banza. Ko da yake shi ma jiran yana da nasa tsadar: zama ya yi tsawo, mai ɗaukar aiki ya fara tambayar me kake yi duk tsawon lokacin nan, kai ma zuciyarka ta fara mutuwa.

Sai ka dubi abin da aikin zai bar maka ban da kuɗi. Ayyuka biyu na iya zama albashinsu ɗaya, amma ɗaya tsani ne, ɗaya rami. In bayan shekara za ka fito ka iya gyaran wani inji, ko riƙe littafin lissafi, ko ka san inda ake saro kaya da wanda ake sayar wa, to ƙaramin albashin na iya zama kuɗin makaranta. In kuwa abin da ka iya ranar farko shi ne abin da za ka iya bayan shekara uku, ka yi hattara. Na ce "na iya zama", domin na ga masu gida da yawa da ke fakewa da "ai koyo kake yi" su riƙe mutum shekaru a kan ladan yaro.

Ka kuma duba su wa za ka riƙa gani. A 1973 wani masani Ba'amurke, Mark Granovetter, ya nuna cewa cikin waɗanda suka sami aiki ta hanyar wani, da yawansu ba aminai ne suka kai musu labarin ba, mutanen da suke haɗuwa da su jefi-jefi ne. Dalilin a fili yake: amininka abin da ka sani shi ya sani. Saboda haka aikin da ke haɗa ka da masu saye, direbobi, masu kawo kaya, ya fi aikin da zai kulle ka kai kaɗai a ɗaki, ko da na ɗakin ya ɗan fi tsoka. Ba kullum ba, amma sau da yawa.

Abin da ya fi damuna shi ne lokaci. Aikin da ke fitar da kai kafin gari ya waye ya dawo da kai bayan dare ya yi, kwana shida ko bakwai a mako, ya riga ya cinye damar neman wani. Yaushe za ka kai takarda? Yaushe za ka je ganawa? Tun 1919 yarjejeniyar farko ta Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta tsayar da awa 8 a rana, 48 a mako ga ma'aikatan masana'antu, ga shi fiye da shekara ɗari ana sa mutane awa goma sha biyu a kan ladan takwas. Ke kuma 'yar'uwa, ƙara da naki lissafin: wa zai riƙe yara, nawa zai ci, kuma hanyar da za ki bi da dare lafiya take? Na san wadda bayan ta biya mai raino da mota, abin da ya rage bai kai wahalar fitar ba.

In ka auna duk wannan ka ga karɓa ta fi, karɓi da sharaɗi biyu. A rubuta maka albashin, ranar biya, da awannin aiki, ko da a saƙon waya ne. Sannan ka yanka wa kanka wa'adi, wata shida ko shekara, ka gaya wa wani babba da zai tuna maka. Mutane ba sa yanke shawarar zama a ƙaramin aiki shekara goma. Wata ɗaya suke ƙarawa, sannan wani watan.

Ba akwai dokar mafi ƙarancin albashi ba?

Yawancin ƙasashe suna da ita. Sai dai ba ta bin mutum zuwa inda ba a rubuta sunansa ba, kuma in farashi ya tashi ba a sabunta ta ba, ta zama lamba kawai. Nemi sanin ta ƙasarka, ka san adadin da ka. Rashin sani ya fi dare duhu.

An ce in aka ƙara mafi ƙarancin albashin, ayyuka za su ragu.

Ana faɗa, musamman masu biya. A 1992 jihar New Jersey ta Amurka ta ƙara nata, maƙwabciyarta Pennsylvania ba ta ƙara ba. David Card da Alan Krueger suka bi gidajen sayar da abinci kusan 400 a jihohin biyu, ba su ga aiki ya ragu a inda aka yi ƙarin ba. Card ya sami kyautar Nobel a 2021. Wannan bai nuna kowane ƙari komai girmansa ba ya da illa ba, amma ya isa a daina tsorata ma'aikaci da wannan magana kamar hukunci ce yankakkiya.

Sun ce in yi wata guda na gwaji ba biya.

Gwajin yini ɗaya a ga hannunka, na ji. Wata guda kuwa aiki ne, kuma aiki lada gare shi. Ka tambayi masu gadi da masu shara na wurin mutum nawa aka "gwada" kafin kai.

Yaya zan nemi ƙari ba tare da an kore ni ba?

Kada ka shiga da kukan haya ta tashi, ya san ta tashi. Shiga da abin da kake yi yanzu wanda ba ka yi lokacin da aka yanka maka albashin. Ka san abin da ake biyan irinka a wasu wurare. Kada ka yi barazanar tafiya sai in kana da wurin zuwa. Kuma in ku goma ne abin ya dama, don me za ka shiga kai kaɗai? Korar mutum ɗaya sauƙi gare ta, korar goma tana tsayar da aiki. Asalin ƙungiyar ƙwadago ke nan.

Wata biyu ba a biya mu ba, an ce mu yi haƙuri.

Rubuta kwanakin da ka yi, ka adana duk saƙon da aka turo. Ku haɗu ku kai ƙara ofishin ƙwadago. Kuma fara neman wani wurin yau, kada ka jira wata na uku.

In na koma gida ba za a ce na gaza ba?

Za a ce. Masu cewar ba su ke biya maka haya ba. Ja layukanka 26 na birni, ja na gida, ka ga inda layukan da za su rage maka suka fi yawa.