Bimbini na kullum a wurin Kiristocin Damagaram

Bimbini na kullum, wasu su ce ibadar safe, shi ne ɗan gajeren tunani da Kirista yake yi kowace rana a kan aya ɗaya ko biyu daga Littafi Mai Tsarki, ya karanta, ya tambayi kansa yau me wannan aya take nema a wurina, sai ya rufe da addu'a. Ba wa'azin Lahadi ba ne, galibi minti goma ya isa, kuma ba sai da fasto ba, uwa ma tana yi da yaranta.

Tushensa yana cikin Littafin kansa, Yoshuwa 1:8 da Zabura 1:2 duk suna maganar yin tunani a kan Maganar Allah dare da rana, kuma masu koyarwa suna yawan kawo labarin manna a Fitowa 16, abincin da Isra'ilawa suke ɗiba na yini ɗaya kawai, in ya kwana ya lalace. Buga ayar kowace rana a littafi kuwa tsohon abu ne, ƴan ikilisiyar Morabiya a Herrnhut ta ƙasar Jamus suna yi tun 1731. A nan Zinder, wato Damagaram, mishan SIM (Sudan Interior Mission) ta buɗe tasharta ta farko a Nijar a 1924, lokacin garin shi ne babban birnin ƙasa kafin a maida Yamai a 1926, cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa kuma ya fito a 1932, shi ya sa mai bi ya iya karatu a gidansa da harshensa. Ƴan Katolika, da suke ƙarƙashin bishop na Maraɗi, sun fi bin karatun da aka tsara ma kowace rana a ikilisiyarsu.

A gidaje da yawa kiran sallar asuba na maƙwabta shi ne agogo, ana tashi a shimfiɗa tabarma, a kunna tocila in babu wuta, yaron da ke zuwa lakwal ya karanta da ƙarfi dan kaka da ba ta yi boko ba ta ji, wani lokaci da Faransanci ya karanta sai baba ya maida da Hausa, a yi waƙa ɗaya, a yi ma marar lafiya da wanda ya tafi cirani addu'a da sunansa. Wanda ba shi da littafin jagora sai ya bi Karin Magana, tunda sura 31 ne, kowace ranar wata da surarta.

Abin da ya fi muhimmanci dai shi ne inda ayar take sauka. Kiristoci tsiraru ne ƙwarai a garin nan, ko a Birni kake ko Zango ko Sabon Gari maƙwabcinka Musulmi ne, ba zai zo majami'a ya ji wa'azi ba, amma yana ganin yadda ka yi a layin famfo lokacin bazara da ruwa ke wuya mutum ya zo ya tsallake maka jarka, yana ganin ko ka cika mudu a kasuwar Dole, ko ka biya bashin da ka ce ran Alhamis, ko ka je gaisuwar mutuwa. Bimbinin da ya ambaci waɗannan da sunansu shi ke shiga zuciya gaskiya. Bayan ƙona majami'u a Janairun 2015, ayoyin gafara kamar Matiyu 5:44 da Romawa 12 sun zama da nauyi sosai, dan ba sauƙin karantawa gare su ba ga wanda ya ga toka da idonsa kuma gobe zai sayi koko a layi ɗaya da mutanen unguwa.

Yanzu salula ta shigo, ana tura aya da murya a WhatsApp, zumuntar mata da ƙungiyar matasa kowa da nasa dandali, abin yana taimakon waɗanda ba su karatu sosai. Sai dai wasu saƙonnin fassara ce daga waje, misalansu na dusar ƙanƙara da jirgin ƙasa, wasu kuma kullum alkawarin arziki, ka rubuta amin ka tura ma mutum goma. Shi ya sa dattawan ikilisiya kan ce a buɗe surar a karanta abin da ke gaban ayar da bayanta kafin a tura ma kowa.