Waiwaye: Gani Odutokun da zanen Zariya

A watan Fabrairu na 1995, motar da ta ɗauko wasu masu zane daga Legas zuwa Zariya ta yi haɗari a hanya, bayan sun halarci wani baje kolin zane-zane a cibiyar Goethe ta Jamusawa. Cikin waɗanda suka rasu akwai Gani Odutokun, malami a sashen koyar da zane na Jami'ar Ahmadu Bello, wanda bai kai shekara hamsin a duniya ba. Masu bibiyar tarihin zanen zamani a Nijeriya suna sanya sunansa a sahun gaba, amma a Arewa, inda ya yi karatu, ya koyar, ya kuma yi kusan dukkan aikinsa, da wuya ka ji an ambace shi a wajen harabar jami'a. Wannan giɓi ne da ya kamata a cike, kuma ba a fahimtar matsayinsa sai an koma baya ga abin da ya tarar a Zariya.

A 1955 aka ɗauke sashen zane na Kwalejin Fasaha da Kimiyya ta Nijeriya daga Ibadan aka kawo shi Zariya. Mafi yawan malaman Turawan Ingila ne, manhajar kuma irin ta makarantun ƙasarsu ce: a zaunar da mutum ko a jera kwanuka da 'ya'yan itace, ɗalibi ya kwaikwayi siffarsu da haskensu da inuwarsu har sai zanen ya yi kama da abin da ido ke gani. A 1958 wasu ɗalibai, ciki har da Uche Okeke da Demas Nwoko da Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo, suka kafa ƙungiyar masu zane ta Zariya, wadda daga baya aka riƙa yi wa 'ya'yanta laƙabi da 'yan tawayen Zariya. Ba su ce a watsar da ilimin Turawa ba. Abin da suka nema shi ne kowane mai zane ya koma ga fasahar al'ummarsa, ya haɗa ta da dabarun da ya koya a aji, ta yadda sabuwar ƙasar da ke shirin samun 'yancin kai za ta sami zane mai kama da ita. Ƙungiyar ta watse a 1961, shekara guda kafin kwalejin ta zama Jami'ar Ahmadu Bello.

Sai dai irin da aka shuka a Zariya a wasu gonaki ya fi yin yabanya. Okeke ya koma Nsukka ya kafa salon zane a kan uli, wato zanen jiki da bango na matan Ibo, Grillo ya zauna a kwalejin Yaba, Onobrakpeya ya shahara a Legas, Nwoko ya tare a Ibadan. Zariya ta riƙe suna, amma tana bukatar wanda zai zauna ya ba ta sabuwar murya.

An haifi Gani Odutokun a 1946 a garin Nsawam na ƙasar Gana. Iyayensa Yarbawa ne 'yan asalin Offa da ke Jihar Kwara ta yau, mahaifinsa kuma yana harkar koko. Bayan ya dawo Nijeriya ya yi aikin akawu na ɗan lokaci, sannan ya shiga Jami'ar Ahmadu Bello a 1972. Ya sami digiri na farko a 1975, na biyu a 1979, kuma tun bayan digirin farko sashen ya riƙe shi a matsayin malami. Daga nan bai bar Samaru, unguwar da jami'ar take, ba har ƙarshen rayuwarsa.

Abin da aka fi saninsa da shi shi ne yadda yake sarrafa fentin mai. Maimakon ya ɗebo shi da kauri a bakin burushi, sai ya tsinka shi har ya zama ruwa-ruwa, ya zuba a kan ƙyallen zane, ya bar shi ya kwarara, launi ya shiga cikin launi, wani wuri ya taru, wani wuri ya tsage kamar ƙasar fadama bayan janyewar ruwa. Bayan haka ne aikin hankali ke farawa, domin sai mai zane ya tsaya ya karanci abin da fentin ya yi da kansa, ya yanke shawarar abin da zai bari da abin da zai danne, inda zai ja layi da inda zai ɗaga hannu. Ra'ayin Odutokun shi ne rayuwar ɗan Adam haka take tafiya, tsakanin abin da ya tsara da abin da ya auko masa ba shiri, kuma zanen da ya kore ɗaya daga cikin biyun bai faɗi gaskiya ba. Akan kwatanta wannan salo da na Jackson Pollock da takwarorinsa na Amurka, waɗanda suka yi fice wajen ɗiga fenti da watsa shi tun ƙarshen shekarun 1940. Akwai kama, amma a ganina kwatancen yana rage wa Odutokun daraja, domin shi bai ɗauki kwararar fenti a matsayin ƙarshen aiki ba. Gwani ne wajen zana siffar mutum da gawayi da fensir, kuma wannan ƙwarewa ce ke ba shi ikon kama linzamin fentin a lokacin da ya ga dama.

Masu kallo da yawa, idan suka tsaya gaban zanen da ba ya nuna mutum ko doki ko bishiya, tambayarsu ta farko ita ce: wannan kuma mene ne? Abin mamaki ne a ji wannan tambaya daga bakin Bahaushe, wanda ya tashi yana ganin dagi a goshin soro, da aska takwas a ƙirjin babbar riga, da zayyana a allon mai saukar Alƙur'ani, da sassaƙa a bayan ƙwarya. Mafi yawan waɗannan ba sa kwaikwayon siffar wani abu mai rai, amma ba wanda ya taɓa cewa ba su da ma'ana ko ba su da kyau. Idon da ya saba da zanen bangon gidajen birnin Zazzau ya riga ya san yadda layi da launi ke magana ba tare da hoto ba. Bambancin kawai shi ne magini da maɗinki suna aiki da awo da daidaito, shi kuwa Odutokun ya buɗe ƙofa ga abin da ba a auna ba.

Bai kuma tsaya ga zanen da ba siffa kaɗai ba. Shekarun da ya fi yin aiki sun faɗo cikin mulkin soja na Buhari da Babangida da farkon na Abacha, lokacin da shirin gyaran tattalin arziki na 1986 ya karya darajar naira, albashin malaman jami'a ya lalace, kayan zane da ake shigowa da su daga waje suka yi tsada. A wannan yanayi ya yi jerin zane-zane a kan wani sarki da fadawansa, ciki har da wanda ke nuna sarkin yana raha da janar-janar ɗinsa, kuma duk wanda ya rayu a wancan zamani ya san inda aka dosa. Akwai kuma zanensa na 1991 da ya haɗa Mona Lisa, matar da ke cikin shahararren zanen Leonardo da Vinci, da wani sassaƙen gunki na Afirka, ita tana sassaƙa shi, shi yana zana ta. A cikin hoto guda ya taƙaita muhawarar da ɗaliban 1958 suka fara, ya kuma ƙara mata wani abu: tasirin bai taɓa zama na hanya ɗaya ba, tun da manyan masu zanen Turai na farkon ƙarni na 20, irin su Picasso, sun sha daga sassaƙen Afirka.

Gadonsa mafi girma, a nawa hukuncin, yana cikin aji. Shekara kusan ashirin ya yi yana koyarwa, kuma salon tsinka fenti ya bazu a tsakanin ɗalibai da matasan malamai har ya zama ɗaya daga cikin alamomin da ake gane ɗan Zariya da su a wuraren baje koli na Legas da Kaduna da Abuja. Wannan yana da nasa haɗarin, domin dabarar da ke da sauƙin kwaikwayo takan zama ado kawai a hannun wanda bai ƙware a zane ba, kuma an ga irin haka. Amma waɗanda suka ɗauki tunanin, ba dabarar kaɗai ba, kowa ya kama hanyarsa. Jerry Buhari da Jacob Jari da Mu'azu Mohammed Sani, waɗanda dukkansu suka koyar a wannan sashe, suna cikin waɗanda ake ambata idan ana maganar zuriyar da ta tashi a kusa da shi. Tare da wasu abokan aiki ya kafa ƙungiyar The Eye, wadda ta fara buga mujalla mai wannan suna a farkon shekarun 1990, a lokacin da rubutu a kan zanen zamani ya yi ƙaranci ƙwarai a ƙasar. Ya fahimci cewa zanen da ba a rubuta komai a kansa ba yakan ɓace da zarar an sauke shi daga bango.

A shekarar da ya rasu aka nuna ayyukansa a zauren Whitechapel da ke Landan, cikin wani babban baje koli a kan zanen zamani na Afirka. A 2000 kuma zauren Brunei na SOAS, makarantar nazarin ƙasashen Asiya da Afirka, a Landan ɗin dai, ya shirya baje koli na musamman a kan aikinsa da tasirinsa, mai taken Accident and Design, wato abin da ya auku ba shiri da abin da aka tsara, inda aka jera zane-zanensa tare da na waɗanda suka koya a hannunsa ko suka yi aiki da shi a Zariya.